Kifi Ya Ruɓe, Gida Ya Tsira

Kwana tara ke nan Takwara tana kuka a ɗakina, a kan filona kuma. Na ce mata ta koma ɗakin uwarta ta jiƙa nasu, ta ce can Baba zai ji ta.

"To ni kurma ce?" na ce.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Jikata ce, sunana aka sa mata. Shekararta ashirin da shida, tana koyarwa a makarantar yara, mace da hankalinta. Amma tun ranar da ubanta ya ce kada Mai Ƙanƙara ya sake taka masa ƙofar gida, ta zama kamar tsumman goge tebur.

Mai Ƙanƙara shi ne wanda take so, shekara uku ke nan. Shago gare shi a bayan kasuwa, ɗaki guda da manyan firinji shida. Mata masu sayar da kifi da kaji suna ajiye kayansu wurinsa, su biya kuɗin kwana. Da abin ya fara tafiya sai ya je ya yi wa shagon rajista, ya zama kamfani, aka rubuta masa allo da wata kalma a wutsiya, wai Limitid. A takardar ya sa sunansa, ya sa na Takwara. Wani saurayin turare yake kai wa budurwa, wannan takarda ya kawo mata ta sa hannu. Tun daga ranar yake kiran ta Darakta, ita kuma tana washe baki kamar an ba ta jirgin sama.

Sai ga ranar da uwarsa ta yanke jiki ta faɗi, ya kwashe ta zuwa asibitin wani gari. Bayansa wutar unguwar ta ɗauke, janareta ya yi kwana ɗaya yana gurnani, ya ƙone. Kafin ya dawo, kayan mata goma sha ɗaya sun ruɓe. An ce ranar da aka buɗe ƙofar shagon, har masu facin taya na bakin titi sai da suka tashi.

Wanda ya kawo wa ɗana labarin cewa sunan Takwara na cikin takardar shi ne Rabin Lauya. A ofishin lauya yake aiki, kullum da baƙar jaka da takalmi mai tsini, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Ya daɗe yana son Takwara, ita kuma ta daɗe tana ce masa sannu da aiki.

Ya zauna a falo, ya ɗora jakar a cinya.

"Baba, ba don ina da wata manufa ba," ya ce. "Amma duk wanda sunansa ke cikin kamfani, shi ne kamfani. In matan nan suka kai ƙara, har gidan ubanta za a biyo ta. Gidan nan ma..."

Ya ɗaga kai ya kalli silin kamar mai yi masa kuɗi.

Ɗana kafinta ne. Shekara ashirin ya yi yana gina gidan nan, bulo goma yau, buhun siminti wata mai zuwa. Ka tsone masa ido zai iya yafewa. Gidan ne dai a'a.

"Inna, kada ki sa baki," ya ce mani. "Wannan magana ta takarda ce."

Wato ni da ban shiga aji ba in kama bakina. Na kama. Kwana tara ina kame da shi.

A rana ta taran ne na zare filon daga ƙarƙashin kanta.

"Tashi zaune. Kukan kwance ba ya ƙarewa."

Ta tashi, idanu kamar an daka barkono a ciki.

"Kaka, wallahi ba don ya cuce ni ya sa sunana ba. Cewa ya yi duk abin da ya samu namu ne mu biyu."

"Ga shi kuwa kun samu. Ku biyu."

"Kaka!"

"Me kika zuba a kamfanin?"

"Albashina na wata biyu. Da shi aka cika kuɗin firinji na shida."

"Shi mai baƙar jakar me ya ce maki?"

"Wai in na amince da shi, zai san yadda zai zare sunana kafin a shiga kotu." Ta sake fashewa. "Baba har ya fara ce masa ɗana."

"Ke da karatunki ba ki san abin da kalmar wutsiyar nan take nufi ba?"

"Na sani. Na duba a waya, na karanta wa Baba. Ya ce wayar ce za ta tsaya mana gaban alƙali?"

Na mayar mata da filon. Ya riga ya jiƙe, ba abin da zan yi da shi.

* * *

Washegari na ɗaura zanena mai kyau, na ce zan je dubiya. Mota biyu na hau. Ofishin lauyan a saman bene yake, matakala ashirin da huɗu, gwiwata ce ta ƙirga su.

Ina shiga na tarar da Rabin Lauya a tsaye gaban injin buga takardu, ya cire kwat, yana jera fayil-fayil a ƙasa. Da ya gan ni, fuskarsa ta yi kamar ƙaya ta maƙale masa a wuya.

"Kaka! Lafiya? Ai da kin aiko na zo."

"Ba wurinka na zo ba, ɗan nan. Cikakken nake nema."

Cikakken lauyan ashe mace ce, gajeriya, tabarau a goshi, ta tuɓe takalma ƙarƙashin tebur. Da ganin ta ita ma duniya ta ishe ta. Na kwance mata labarin, ban kama sunan kowa ba.

"Mama," ta ce, "kalmar nan iyaka take nufi. A wurin doka, kamfani kamar mutum ne mai zaman kansa, da aljihunsa daban. In ya ci bashi ko ya yi ɓarna, aljihunsa ake zazzagewa. Masu shi kuma abin da suka zuba a ciki ne kawai za su rasa."

"Gidan uban yarinyar fa?"

"Ya taɓa sa hannu ya tsaya wa kamfanin a wani wuri?"

"Wannan? Ko rasit aka ba shi sai ya kwana da shi kafin ya sa hannu."

"To ba ruwan gidansa. Ita ma yarinyar, in ba ta ɗauki nauyin wani bashi da sunanta ba, kuma ba a kama su da ha'inci ba, albashin nan da ta zuba shi ne ya tafi."

"Shi saurayin yana da gida, ɗaki biyu, an yi rufi ba a sa taga ba. Can ya ce zai ajiye ta."

"Da sunansa yake ko da na kamfani?"

"Nasa. Filin gadon ubansa ne."

"To nasa ne, yana nan."

Na gyara zama. Kujerar irin mai juyawar nan ce, ta so ta tafi da ni.

"Masu kifin fa?"

Ta sauko da tabaran ta sa, kamar sai yanzu ta ga akwai mutum a gabanta.

"A sayar da firinji da abin da ya rage a shagon, a raba masu. In ya kai, madalla. In bai kai ba, iyakar ke nan. Shi ya sa ake rubuta kalmar a allo da kan rasit, don duk mai hulɗa da su ya san inda haƙƙinsa ya tsaya tun farko."

"Ya sani in ya iya karantawa."

Ta dube ni. Wayarta ta ɗauki kuka. Na kwance bakin zane na ajiye mata kuɗi, ta turo mani abina da bayan biro.

Rabin Lauya ya riƙe mani ƙofa, yana ta gumi.

"Ka gaida jakarka," na ce masa.

Ta kasuwa na biyo, don in na koma hannu banza surukata za ta tambayi wa na dubo. Na nufi teburin Mai Kifi, wadda shekara goma sha biyar a wurinta nake saye. Teburin a kife. Sai na hango ta can gefe a kan bokiti, tana kankare wa wata kifi, a biya ta kuɗin wuni.

"Kifi kwali goma sha huɗu na rasa a shagon yaron nan, Mama," ta ce, wuƙar ba ta tsaya ba. "Ranar ya yi araha, na saro da jarina kaf."

"Ba ki san kamfani ba ne? An ce akwai allo."

"Wane allo? Ni yaron na sani. Tun yana rarrafe a rumfar uwarsa na san shi. Da hannunsa yake karɓar kayana, ya ce Goggo je ki kwanta da hankalinki."

"An ce za a sayar da firinji a raba maku."

"An zo an duba. Wai kowacce za ta samu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta rasa." Ta share goshi da bayan hannu. "Ban zage shi ba, Mama. Gajiya kawai na yi."

Na sayi kifi biyu a wurin uwar ɗakin nata, da tsada, na kamo hanya.

* * *

Ana cin abincin rana na faɗa masu duka, da na lauya da na Mai Kifi, don ni ba na kawo labari in zare masa ƙaya. Ɗana ya ji rabin farko. Takwara ta ji rabin ƙarshe.

"Lauyar da kanta?" ya ce, loma a hannu.

"Da tabaranta."

Bai gama wanke hannu ba Rabin Lauya ya bugo masa waya, wai fahimta ce ta bambanta. Ɗana ya kashe wayar a tsakiyar magana. Ya zagaya tsakar gida sau biyu, yana shafa bango kamar wanda aka dawo masa da ɗan da ya ɓata.

"A kira mani yaron nan," ya ce.

Bayan la'asar Mai Ƙanƙara ya zo. Rigar ta yi masa yawa, hannuwansa sun yi fari fat, sun tsattsage, sati biyu yana wanke firinji da ruwan bilic mai cin fata. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Na ji gidanka ba ya cikin wannan rigima," in ji ɗana.

"Haka ne, Baba."

"To ka sa taga. Ƙofofi ni zan yi maka, kuɗin katako kawai za ka biya. Wata biyu na ba ka, a yi abin nan kowa ya huta."

Surukata ta leƙo daga kicin tana hamdala. Shi kuma ya juya wajen Takwara, wadda ke jingine da bango.

"Darakta, kin ji?"

Ba ta yi murmushi ba.

"Goggo Mai Kifi fa?" ta ce.

"Za a raba masu kuɗin firinji."

"Ɗaya cikin huɗu."

"Haka doka ta ce."

"Na san abin da doka ta ce, ni na fara karanta wa Baba. Kai nake tambaya."

Ya runtse ido. Da ya buɗe, sun cika.

"Me kike so in yi? Sau biyu dillali yana zuwa. Ya yi wa gidan kuɗi, kuɗin zai biya su duka har a yi ɗan saura. Na riƙe biro, na tuna ki, na ajiye. Saboda ke na ajiye shi!"

"Saboda ni."

"To wa nake da shi? Innata na kwance, rabin jiki ba ya motsi. Shago ya tafi. In gidan ma ya tafi, ina zan kai ki? Kan titi?"

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Ta kasuwar nan nake bi in je makaranta, kullum. 'Ya'yan uku daga cikin matan nan a ajina suke. Ɗaya ma an cire ta makon jiya, kujerarta na nan ba kowa. Ranar da ka kawo takarda na sa hannu, na yi ta murna, wai ni ma mai kamfani ce. Ni da kai mun san iyakar abin da za mu rasa. Goggo wa ya gaya mata nata ba shi da iyaka?"

"Ban ɓoye wa kowa ba. Yana rubuce."

"Yana rubuce," ta ce a hankali. "Kai kuma da bakinka ka ce mata ta je ta kwanta da hankalinta."

Ya kawar da kai.

"Ina son ka," ta ce, ko kunyar ubanta ba ta ji ba. "Kwana tara ban ci na ƙoshi ba, Kaka ce shaida. Amma ba zan iya kwana a ɗakin nan ba. Zan riƙa jin wari ko an sa taga goma."

"Ke!" Ɗana ya miƙe. "Rufe mani baki! Doka ta wanke mutum, ke ce alƙalin da ya fi? Jiya kina kuka an hana ki, yau an ba ki kina kuka. Me kuke so da ni ne a gidan nan?"

Ya juya kan saurayin, ya nuna shi da yatsa.

"Kai kuma saurara da kyau. Ka sayar da gidan nan, ka sayar da aurenka. Ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ba gida ba sana'a ba. Masu nema ba su ƙare ba. In wancan mai jakar maƙaryaci ne, akwai wasu."



Mai Ƙanƙara bai kalli ɗana ba. Ita ya kalla.

"In na sayar, sai na yi shekara biyu kafin in miƙe. Ƙila ma fiye."

"Zan jira."

"Ni ba zan jira ba," in ji ɗana.

Ya daɗe yana kallon tsattsagaggun hannuwan nan nasa. Ni dai na ce a raina, da wuya. Na ga maza da yawa a wannan durƙuson, yawancinsu gidan suke zaɓa, kuma ba na ganin laifinsu sosai.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Gobe zan kira dillalin."

Ya tashi, ya nufi takalmansa. Takwara ta sulale jikin bango ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da mayafi. Ita ta nemi hakan, ta samu, ga shi tana kallon bayansa zai fita ba dawowa.

Ni kuwa gwiwata na zogi, ga matakala ashirin da huɗu, ga mota huɗu zuwa da dawowa. Ba abin da nake so irin in kwanta. Amma in na kwanta yanzu, kukan shekara zan sha a ɗakina.

"Kafinta," na ce.

"Inna, na roƙe ki kada ki..."

"Waccan ta takarda ce, na yi shiru. Wannan ba takarda a ciki. Zauna."

Ya zauna.

"Shekara biyu za ka ba shi."

"Inna, yarinya fa girma take yi. Sa'o'inta duk..."

"Ni ma girman nake yi, ba wanda ya tausaya mani. Tun da ka kawo ni gidan nan na taɓa roƙon ka wani abu? Fankar ɗakina tun bara ta mutu, na yi maka magana?"

"A'a."

"To ga nawa. Muddin ina numfashi a gidan nan, ba za ka karɓi maganar kowa a kan yarinyar nan ba sai shekara biyu sun cika. In ya miƙe, ka ba shi. In kuwa na riga na tafi kafin nan, 'yarka ce, ka yi yadda ka ga dama. Ba na nan balle in gani."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa katako kafin ya saya. Shekarata saba'in da takwas, ga hawan jini, ga gwiwa. Na ga lissafin yana wucewa ta cikin idonsa. Sai kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

"Allah Ya ja kwana, Inna."

"Amin. Ɗaga murya, akwai shaidu."

"Na yarda. Shekara biyu."

Mai Ƙanƙara na tsaye bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya saki baki yana kallona.

"Kai kuma tafi ka nemi dillalinka," na ce. "Daina ƙare mani kallo, ba yau zan mutu ba."

* * *

Da safe, ko addu'a ban shafa ba, Takwara ta shigo da kofin ruwa. Ta durƙusa, ta zura hannu bayan gadona, ta fito da ƙwayoyin hawan jinin da na yi wata huɗu ina jefawa can. Ta zube su a tafin hannu, ta dube ni.

"Kaka."

"Ɗaci gare su."

Ta ɓare sabo daga kwali, ta miƙo. Na haɗiye.

"Buɗe baki in gani."

Na buɗe.

"Ɗaga harshe."

Da rana aka kawo mani abinci a kwano daban, lami, ko ƙwayar gishiri babu. Na aika a tambayi surukata ko mantuwa ta yi, aka ce umarnin Darakta ne. Da yamma kuma wai sai na zagaya tsakar gida sau goma, tana biye da ni tana ƙirgawa.

Gidanmu ya tsira, yarinya ta tsira, har mai baƙar jaka yana can yana jera fayil ɗinsa lafiya lau. Ni da ban sa hannu a takardar kowa ba, ni kaɗai aka biyo har ɗaki.